Yadda ake gyara ɗabi'ar ƙare magana kamar mai tambaya

Akwai wanda idan ya tashi gabatar da kansa a taro sai ka ji kamar tambayarka yake yi ko sunan nasa ne. "Sunana Bashir? Daga Zariya nake? Lissafi nake koyarwa?" Babu tambaya ko ɗaya a ciki, amma kowace jimla sai muryarsa ta haura sama a gaɓar ƙarshe. Ba ƙarfin murya ake nufi ba, don ko cikin raɗa ana iya yin haka. Sautin ne yake sirancewa ya yi sama a daidai inda kunne yake jiran ya sauka. Shi kuwa mai sauraro da abin da kunnensa ya ba shi yake aiki: mai ɗaukar ma'aikata ya ɗauka ba ka da tabbas, mai saye ya ji akwai ragi a farashin, wanda ka ce wa a'a ya ga fuska ya sake roƙo.

A Turanci ɗabi'ar ta fi shahara. Masana harshe sun daɗe suna nazarinta a Ostareliya da Niyu Zilan, a Amurka kuma tun shekarun 1980 ake danganta ta da matasan kudancin Kalifoniya. Sunan da aka fi saninta da shi yau, uptalk, ya bazu ne bayan wani rubutu da James Gorman ya yi a jaridar New York Times a 1993. Bahaushen da yake karatu ko aiki da Turanci yana iya kwaso ta daga abokan aiki ko bidiyon YouTube bai sani ba, wani lokaci har ta biyo shi cikin Hausarsa.

Kafin a shiga gyara, a san cewa hawan nan aiki yake yi wa mai magana, shi ya sa yake da wuyar bari. Binciken da Gregory Guy da abokan aikinsa suka wallafa a 1986 kan mutanen birnin Sidni na Ostareliya ya nuna ya fi fitowa lokacin da mutum yake ba da labari ko kwatanta wani abu, wato inda yake buƙatar ya tabbatar ana bin sa. A 2013 Thomas Linneman ya bi amsoshin masu gasar kacici-kacici ta talabijin ɗin Amurka, Jeopardy!, ya tarar kusan kashi 37 cikin 100 na amsoshin da hawan murya aka ba da su, kuma hawan ya fi yawa a amsoshin da ba daidai ba. Ke nan wani lokaci shakka ce, wani lokaci kuma neman haɗin kan mai sauraro ne. Wanda ya danne muryarsa kawai bai sama wa wannan aikin wata mafita ba, da ya shiga cikin mutane ɗabi'ar za ta dawo.

Fara da jin kanka

Kusan babu mai jin wannan hawan a bakinsa yayin da yake magana, don haka sai da naɗi. Kada ka zauna ka karanta takarda a gaban waya, karatu yana ɓoye ɗabi'ar saboda ido yana ganin aya. Mafi kyawun shaida tana cikin wayarka tuni: saƙonnin murya da ka tura ta WhatsApp. Zaɓi uku, ɗaya zuwa ga aboki, ɗaya zuwa ga wanda kake jin nauyinsa, ɗaya na harkar aiki ko ciniki. Idan da Turanci matsalar take fitowa, to na Turanci za ka zaɓa.

Rubuta jimla 20 daga ciki a takarda, kowace a layinta. Sake saurara, ka sa kibiya mai kallon sama ko ƙasa a ƙarshen kowace. Sannan ka tace masu kallon saman. Tambaya ta gaskiya ba ta cikin lissafi. Jeri ma haka: idan ka ce "na sayo shinkafa, da mai, da albasa, da tumatir", daidai ne murya ta tsaya sama a ukun farko ta sauka a na ƙarshe. Tsakiyar jimlar da ba ta ƙare ba, irin "idan ka iso tasha", ita ma tana da hakkin ta rataya. Abin da ya rage, wato cikakken bayani da aka ƙare shi da hawa, shi ne abin gyara. Rubuta adadinsa, shi ne ma'auninka.

Mai kwamfuta yana iya ganin abin da idonsa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. Idan ka buɗe sautin a ciki, tana zana hawa da saukar murya da shuɗin layi. A saita iyakar ma'aunin daga 75 zuwa 300 Hz (wato ma'aunin hawa da saukar sauti) ga muryar namiji, 100 zuwa 500 ga ta mace, in ba haka ba layin yana iya tsalle-tsallen ƙarya. Jelar layin kawai za ka duba: ta lanƙwasa ƙasa ko ta ɗaga. Ba dole ba ne, amma ga wanda yake musun cewa yana yi, ganin jelar nan yana kashe gardama.

Yanzu koma kan jimlolin da ka kama, ka tambayi kanka me kake nema a kowace. Galibi ɗaya ne cikin huɗu: kana duba ko ana fahimtarka, kana tsoron a katse ka, kana sassauta maganar don kada a ce ka cika iyayi, ko kuwa numfashi ne ya ƙare maka. Duba kuma wa kake yi wa magana. Da yawa za su tarar saƙon aboki tsaf yake, na maigida ne ya cika da kibiyoyi.

Kunnen Bahaushe ya riga ya san aikin

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma jimlar bayani a cikinta gangarowa take yi mataki-mataki: duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin na saman da ya gabace shi. Faɗi "Audu ya tafi gona" a matsayin labari, za ka ji "gona" ta zauna ƙasa da inda "Audu" ya fara. Sake faɗa a matsayin tambaya, za ka ji gangarowar ta ragu, "gona" ta ɗaga sama. Wannan bambancin da kake yi tun kana yaro shi ne dukan darasin, sai dai a mai da shi abin da kake iya yi da gangan.

Rufe baki ka yi jimlar da "mmm" kawai, babu kalmomi, sau ɗaya bayani sau ɗaya tambaya. Sa hannu ya bi sautin, ya sauka idan ya sauka, ya hau idan ya hau. Yi haka da jimla biyar daga takardarka, kowace sau uku a jere: da "mmm", sannan da kalmomi cikin tambaya da gangan, sannan da kalmomi cikin bayani. Yin kuskuren da gangan yana da muhimmanci, domin abin da ka iya kunnawa da kanka shi kake iya kashewa. Minti biyar sun isa.

A nan akwai tarko ga mai gyara Hausarsa. Kada ka tilasta wa gaɓar ƙarshe ta faɗi ƙasa ko da wace kalma ce, don karin kalma ma'ana ne. Wanda ya ce "na ji kuka" ya danne ƙarshen da ƙarfi, ya koma maganar bishiya. A Hausa jimlar gaba ɗaya ce take gangarowa, kowace kalma tana riƙe da karinta. Abin da za ka cire shi ne ƙarin ɗagawar nan da jan wasalin ƙarshe da suke mai da magana tambaya.

Inda saukar take farawa

Turanci ba haka yake ba, kuma a nan mafi yawan masu gyara suke ɓata lokaci. Suna jira sai sun kai gaɓar ƙarshe sannan su yi ƙoƙarin tura ta ƙasa, alhali a lokacin an makara. A jimlar Turanci akwai kalma guda mai ɗauke da nauyin saƙon, yawanci kalma mai ma'ana ta ƙarshe, kuma daga gaɓarta mai ƙarfi saukar take farawa. Idan kana gaya wa Bature cewa a Kaduna kake aiki, nauyin yana kan sunan garin, a gaɓar "du". Murya ta ɗan hau kan "du", ta gangaro kan "na", shi ke nan. Mai ɗabi'ar hawa yana juya abin: ya yi "du" a ƙasa, ya cilla "na" sama.

Saboda haka a takardarka ja layi a ƙarƙashin kalma mai nauyi ta kowace jimla, ka zagaye gaɓarta mai ƙarfi. Buga yatsa a tebur daidai kan gaɓar, ka bar duk abin da ya biyo baya ya gangara. Wanda ya iya wannan ba ya ma buƙatar tunanin ƙarshen jimla, da kanta take sauka.

Sai dai ba a sauka daga ƙasa. Mai jin kunya ko fargaba yakan fara jimla a can ƙasan muryarsa, to ina za ta je in ba sama ba? Nemo tsakiyar muryarka tukuna: ka ce "mhm" irin na amsa wa mai ba ka labari, ba tare da shiri ba. Wannan sautin kusa yake da inda muryarka take hutawa. Fara jimla ɗan sama da shi kaɗan, ka ƙare ɗan ƙasa da shi. Tazarar ba ta da yawa, kuma ba a son ta yi yawa.

Numfashi

Tantanin murya guda biyu ne a cikin maƙogwaro, iskar huhu tana kaɗa su. Idan suka miƙe suka ɗaure, sauti ya yi sama, idan suka saki ya yi ƙasa, kamar dai yadda makaɗi yake matse tsarkiyar kalangu a hammata fatar ta ɗaure sautin ya hau. Fargaba tana ɗaure wuya da kafaɗu, ƙarancin iska kuma yana sa mutum ya matse maƙogwaro don ya tatso sauran kalmomin. Dukansu biyu sama suke tura ƙarshen jimla.

Gwajin mai sauƙi ne. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, ka ja numfashi. Idan na ƙirji ne ya fi motsi, kafaɗu suka ɗaga, numfashinka gajere ne. So ake ciki da ƙananan haƙarƙari su buɗe. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta da sautin "sss" kana ƙirga takwas, sau biyar. Daga nan ka ɗauki dokar da za ta fi yi maka amfani a cikin mutane: numfashi ɗaya, magana ɗaya. Kalma takwas zuwa goma sha biyu sun ishi numfashi guda. Dogayen jimlolin da ake ɗinkawa da "kuma", "sannan", "to shi ne" su ne gidan wannan ɗabi'a, domin kowane yanki yana rataye yana jiran na gaba, har mai maganar ya manta yadda ake tsayawa. Yanka su. Ka ƙare jimla da sauran iska a ƙirjinka.

Ba wa hawan magaji

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Koma kan dalilan nan da ka gano.

Idan duba fahimta kake yi, ka yi tambayar a fili, amma sau ɗaya bayan ka gama batu, ba a kowace jimla ba. Faɗi jimla uku ko huɗu da saukarsu, sannan ka ce "muna tare?" ko "akwai inda zan maimaita?" Sauran aikin ido ne: dubi fuskar mutum, gyaɗa kansa ya ishe ka amsa. A kula, a Hausa wannan ɗabi'ar tana da 'yan uwa da suke shigowa da zarar an kori hawan, wato "ko?", "ka gane?", "ko ba haka ba?" a bayan kowace magana. Idan ka musanya hawan da su, ba ka yi komai ba. Ƙirga su a naɗinka kamar yadda ka ƙirga kibiyoyi.

Idan tsoron katsewa ne, ka kama filinka tun farko da kalmomi: "abu biyu zan faɗa." Wanda ya ji haka ya san bayan na farko akwai na biyu, sai ka sauke murya a ƙarshen na farkon ba tare da fargabar an ƙwace maka zance ba. Ɗaga yatsu biyu ko barin hannu a sama yana ƙara riƙe maka wurin.

Idan kuwa ladabi kake nema, Hausa ba ta rasa kayan ladabi ba. "Ranka ya daɗe", "Allah ya gafarta Malam", "Hajiya, a ganina", rage ƙarfin murya, russunawa, duk suna nan. Ka sa girmamawar a farkon magana, ka bar ƙarshenta ya sauka. "Ranka ya daɗe, aikin ba zai kammala ba sai Alhamis." An girmama babba, an kuma gaya masa gaskiyar ranar. Idan aka ƙare da "Alhamis?" sai ya ce a kawo Talata. In kuma da gaske ba ka da tabbas, faɗi haka da baki: "ina zaton Alhamis ne, zan tabbatar zuwa yamma." Shakkar da aka furta ta fi wadda aka ɓoye a cikin sauti daraja, don mai sauraro ya san iyakarta.

Bayan kowace saukar, rufe baki. A zahiri: leɓe ya haɗu da leɓe, ka ƙirga ɗaya, biyu a zuci. Shirun daƙiƙa biyu yana yi wa mai magana tsawo ƙwarai, amma a kunnen mai sauraro natsuwa ce kawai. Yawancin hawan da ake yi gudun wannan shirun ne.

Daga ɗaki zuwa cikin jama'a

Kada ka ce daga gobe duk maganarka za ta gyaru. Mai sa ido kan kowace jimla yakan rasa abin da yake son faɗa, ya koma inda-inda. Zaɓi jimla biyar da kake maimaitawa kullum: sunanka, aikinka, garinku, farashin kayanka ko na aikinka, da jimla guda ta ƙin amincewa, irin "ba zan samu zuwa ba." Su kaɗai za ka tsare da farko.

Makon farko a ɗaki, minti goma kullum, da naɗi. Minti goma kullum sun fi awa guda ranar Asabar, don ɗabi'ar baki da maimaici take canzawa. Mako na biyu ka kai su inda ba abin da za ka rasa: mai shago, direban Keke Napep, saƙon murya. Saƙon murya yana da daɗin aiki, tunda kana iya saurara kafin ka tura, ka goge ka sake. Mako na uku ka shigar da wani aminin da za ku yi alama, misali ya taɓa kunnensa idan ya ji hawan, ba tare da ya katse ka ko ya faɗa a gaban mutane ba. A mako na huɗu ne za ka gwada a wurin da ya fi tayar maka da hankali, kuma ko a can jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ka tsare. Su ne mutane suka fi riƙewa.

Farashi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tela ko mai gyaran waya da ya ce "dubu goma?" ya riga ya yi wa kansa tayi, mai saye zai fara daga shida. A faɗi adadin, a sauke, a rufe baki, a bar mai saye ya yi magana. Haka yake a ganawar neman aiki idan aka zo batun albashi.

Waya da taron Zoom sun fi tsananta ɗabi'ar, saboda ba ka ganin gyaɗa kai, kuma sauran mutane sun kashe makirfo ba ka jin "mhm" ɗinsu. Sai murya ta shiga neman amsar da ba za ta zo ba. Rubuta manyan maganganunka uku a takarda da babbar kibiya mai kallon ƙasa a ƙarshen kowace, ka ajiye kusa da kyamara.

Abubuwan da suke lalacewa

Na farko shi ne wuce gona da iri. Mutum ya tura murya can ƙasa da inda take iya zuwa, sai ƙarshen jimla ya koma kaushi yana karkarwa a maƙogwaro. Dalilin dai ƙarancin iska ne da farawa daga ƙasa. Ɗaga mafarin jimlar, ka rage tsawonta.

Na biyu haɗiye ƙarshe. Saukar sauti daban, mutuwar murya daban. Idan mutane suka fara ce maka "me ka ce?", to ƙarfin kake ragewa tare da sautin. Gwada da lambar waya: faɗi lambobi goma sha ɗaya, na ƙarshen ya sauka amma wanda ke ƙofar ɗaki ya ji shi sarai.

Akwai kuma wanda don tsoron hawa yake daina motsa murya gaba ɗaya, magana ta zama shimfiɗaɗɗiya babu rai. Wannan ya fi hawan muni. A tsakiyar jimla murya ta yi yawonta, ƙarshen bayani kawai ake tsarewa. Wani kuma saukar tasa takan zo da sauri da ƙarfi har ta yi kama da umarni ko faɗa. Maganinsa a ɗan ja gaɓa mai nauyin, a saki fuska. Idan kuma ka ji hawan ya kuɓuce maka a tsakiyar hira, kada ka tsaya gyara ko ba da haƙuri, sauke jimla ta gaba kawai. Ranar gajiya ko tashin hankali zai dawo, wannan ba ya nufin aikin ya rushe.

Ba ko'ina ne ake buƙatar gyaran ba. A biranen Belfast da Glasgow da Liverpool da Newcastle na Birtaniya, hawan murya a ƙarshen bayani tsohon karin harshen mutanen wurin ne, ba ya nuna shakka, kuma wanda ya zauna cikinsu ya ɗauka bai yi laifi ba. A Ostareliya ma ba mai ɗaga kai don an yi shi a hira. Sannan sau da yawa an fi sa wa mata ido a kan wannan ɗabi'a alhali maza ma suna yi, don haka idan mutum ɗaya ne tak ya taɓa yi miki ƙorafi, saurari naɗinki ki ƙirga kafin ki yarda akwai matsala. Wajen lallashin yaro ko kwatanta wa baƙo hanya, hawan yana da amfaninsa, a bar shi.

Bayan mako huɗu, ɗauko sababbin saƙonni uku zuwa ga irin mutanen farko, ka sake rubuta jimla 20 ka ƙirga. Idan adadin ya ragu da rabi, ci gaba da jimla biyar na gaba. Idan bai motsa ba, galibi an yi kuskuren gano dalilin ne, a koma a duba ko numfashi ne ko tsoron katsewa. Atisayen nan bai kamata ya sa ciwo ba: in maƙogwaro yana zafi, a dakata a sha ruwa a rage tura murya ƙasa. Dishewar murya da ta wuce mako uku kuwa ba ta cikin wannan babi, a je wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba.